Buwat otomatik da aka sabunta ta ƙi ɗaukar giya ko ɗaya: abin da ya faru da wata Tacoma a Maradi

Motar da aikinta

Motar Toyota Tacoma ce tsohon yayi, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1995 da 2004, shigowar Amurka ta tashar ruwan Kwatano. Injinta V6 ne mai lita 3.4 wanda ake kira 5VZ, katkat ce, wato mai ja da taya huɗu, buwat ɗinta kuma otomatik A340F ta kamfanin Aisin mai giya huɗu. Mu nan buwat muke cewa, in ka tsallaka Jibiya su ce maka giyabos, duk abu ɗaya ne. Mai ita wani Alhaji ne ɗan kasuwa, ba zan faɗi sunanshi ba, ba zan faɗi garejin ba, don duk muna gaisawa har gobe. Aikinta kwasar kaya daga Maradi zuwa kasuwannin ƙauye, ta dawo da wake da aya da gyaɗa, wani zubin har da awaki a sama.

A340 buwat ce mai haƙuri, duk wanda ya taɓa buɗe ta ya san haka, abin da ba ta so kawai shi ne zafi. Man da take sha Dexron III ne, jan nan, kuma tana da sandar awon mai irin ta da, ba kamar na yanzu ba da sai ka shiga ƙarƙashi.

Watan Afirilu: yadda ciwon ya fara

Lokacin bazara ne, zafi ya wuce digiri 40, direban ya kafe cikin rairayi ta wajen Dakoro da kaya fal a baya, ya dinga watsa ta D ta gaba ya dawo R ta baya, D ya dawo R, yana taka totur har ta fita. Daga ranar ta fara sulɓi, in za ta sauya daga giya ta biyu zuwa ta uku sai inji ya yi kuka sama kafin ta kama. Aka zaro sandar awo, mai ya zama baƙi yana warin ƙonewa. Ba a tsaya ba dai, an ci gaba da aiki da ita kusan mako biyu don kasuwa na ci, har ta kai D ba ta jan kaya sam.

Abu guda da ya kamata a riƙe a nan: ranar da aka kawo ta gareji da ƙafarta ta shigo. A L, wato ƙaramar giya, direban ya lallaɓo ta, kuma ribas na aiki, da shi ma aka gyara mata tsayuwa bisa rami.

Litinin zuwa Alhamis ta makon farko: gyaran farko

Mai garejin dattijo ne, ya girme ni nesa, hannunshi a buwat manuwal ba a magana, Hiace da Hilux da tsofaffin Peugeot duk sun san shi. Cikin otomatik ne bai cika shiga ba, shi ya sa da yaranshi suka sauke buwat ɗin ranar Litinin sai ya ba wani mai buɗe otomatik ya yi aikin ciki. An sa sabbin faiba, wato faya-fayan da ke matsewa su kama giya, da farantan ƙarfen da ke tsakaninsu, an sa sil da robobi, sabuwar filta, sabon gasket na kwanon ƙasa, aka wanke balbodi, wato farantin da ke raba ma mai hanyoyi. Laraba da yamma aka dawo da ita a amalanke an naɗe ta da buhu.

Ranar Alhamis mai garejin ya tafi jana'iza Tibiri, ya bar ma aparanti biyu ɗorawa, don Alhaji na ta kiran waya yana son mota kafin ƙarshen mako. Suka ɗora, suka ɗaure, suka haɗa farfela da wayoyi da tiyon mai, magariba ta yi suka rufe.

Juma'a: inji ya tashi, mota na nan tsaye

Da safe aka zuba mai lita 4, aka tada inji, ya tashi lafiya lau. Aka taka burki aka ja sanda zuwa R, shiru. D, shiru. 2 da L, shiru. Ba ɗan girgizar nan da mota ke yi in ta ɗauki giya, kukan inji bai sauya ba ko kaɗan, in ka taka totur sai ya yi sama kamar tana N, inda ba giya. Aka ce mai ne bai isa ba, aka ƙara lita 2 ya zama 6, sandar awo ta nuna mai ya wuce layin sama da nisa, amma mota ko motsi. Aka tafi masallaci aka dawo aka sake gwadawa, wai ko mai ya zagaya, yadda aka bar ta haka aka iske ta.

Asabar da Lahadi: abubuwan da aka gwada

Farko aka ce iska ce ta shiga, a bar inji na aiki ta yi zafi za ta kama. An bar shi wajen minti 40, ana kai sanda ana kawowa. Ba abin da ya sauya.

Sai wani ya ce man ne jabu, ai kasuwa cike take da man da aka ɗura a tsohon galan. Wannan zargin ba laifi ba ne a garin nan gaskiya, sai aka zubar aka sayo wani lita 5 daga wani shago dabam. Shi ma dai haka.

Aka duba ƙaramar sandar katkat ko tana tsakiya, don in tana N ko buwat lafiya take mota ba za ta tafi ba, kuma an sha kai mota gareji a kan wannan kaɗai. Tana H daidai, wurin tafiyar yau da kullum. Aka leƙa ƙasa aka ga in an ja sanda daga ciki hannun da ke gefen buwat na motsi, inji na tashi a P da N kaɗai, fitilar ribas na kamawa a R.

Lahadi aka kawo mai wayoyi da na'urarshi ta kwamfuta, ya jona, ba ta nuna laifi ko ɗaya ba. Duk da haka ya ce solenoyid ne, wato ƴan bawul masu aiki da wuta a cikin buwat, wai wani lokacin suna mutuwa ba su nuna ba. Aka sauke kwanon ƙasa, aka cire ukun da ke ciki aka sa wasu na Beljiyam a kan jika 30, aka mayar da mai. Aka tada. Shiru kake ji. A daren ne Alhaji ya kira ni in zo in duba ta, muryarshi ta nuna ya ƙoshi da labarin.

Litinin ta mako na biyu: awo

Na iso wajen ƙarfe 9, na gaida mai gareji, na ce Baba kafin in taɓa komi ina son in yi tambaya uku. Ta shigo da ƙafarta ko janyo ta aka yi? Ya ce da ƙafarta. Da aka tada inji ranar Juma'a mai ya sauka a sandar awo? Suka kalli juna, babban aparantin ya ce shi dai bai ga ya sauka ba, shi ya sa ma suka yi mamaki da ya cika da wuri. Wa ya ɗora buwat ɗin? Aka nuna min yaran biyu.

Maganar sandar awo ita na fara gwadawa don ba ta cin ko dala. Inji a kashe na zaro, na sa farce daidai inda mai ya tsaya. Aka tada, na jira minti ɗaya, na goge na sake zarowa. Mai na nan daidai farcena. A buwat mai lafiya da zarar inji ya tashi famfo zai zuƙi mai daga kwano ya tura shi cikin konbata, tulun nan da ke tsakanin inji da buwat, da hanyoyin ciki da lagireto, dole layin ya sauka, balle buwat da aka wanke take a bushe, ita kam ya kamata ka ga tana sha kana ƙarawa.

Na biyu, na kwance tiyon da ke kai mai lagireto na sa bakin cikin gorar ruwa da aka yanke, na ce a tada daƙiƙa 20. Abin da muka saba gani wajen lita guda ne a wannan lokacin. Ko ɗigo bai fito ba. Na ce ko na kama tiyon dawowa ne, na kwance ɗayan ma, shi ma a bushe.

Na uku, na ɗaura gejin awon ƙarfin mai a ramin gwajin da ke gefen buwat, aka sa duwatsu gaban taya da baya, aka ja burkin hannu. Abin da ake nema a irin wannan buwat in inji na sulo shi ne wajen bar 4 (ma'aunin ƙarfin matsi) a D, a R kuma bar 5 zuwa 6. Allurar ba ta ɗaga daga sifili ba, a D, a R, har da na sa aka ɗan taka totur a N. Na ɗauka gejin nawa ne ya lalace don ya daɗe a akwati, na hura mishi iskar kwamfiresa ya tashi sarai.

Mai wayoyin yana wurin, ya ce to ko kwamfutar motar ce ba ta ba da umurni. Na ce mishi mu gwada, na zare soket ɗin solenoyid gaba ɗaya. A340 ko ka cire mata wuta duka tana tafiya, R na ba da ribas, L na ba da giya ta ɗaya, 2 na ba da ta uku, D na ba da ta huɗu, saboda sandar giya kai tsaye take tura wani bawul a cikin balbodi, ba ruwanshi da waya. Solenoyid biyu aikinsu zaɓen giya in ana tafiya, na ukun na kulle konbata ne a kan hanya. Kuma buwat ɗin nan ba ta da abin da ke gaya ma kwamfuta ƙarfin mai, shi ya sa na'ura ba za ta ga komi ba ko da mai bai motsi. Da soket a zare muka tada, sakamako ɗaya. Na ɗauko tsofaffin solenoyid ɗin daga cikin kwali na auna su da mita, duka ukun suna tsakanin om 11 da 15 da ake nema.

To in ƙarfin mai sifili ne, wuraren dubawa ba su da yawa. Ko filta ba ta zauna ba tana zuƙar iska, ko bawul ɗin daidaita ƙarfi ya maƙale a buɗe, ko an haɗa famfo ba daidai ba, ko famfon ba ya juyawa sam. Na fara da mai sauƙi, muka sake sauke kwanon ƙasa, karo na biyu ke nan cikin kwana biyu. Filta na zaune daram da gasket ɗinta, bawul ɗin sandar giya na cikin maƙalinshi yana tafiya gaba da baya in an ja sanda. Amma a jikin maganaɗisun da ke cikin kwanon akwai garin ƙarfe mai ƙyalli da wasu ƴan ɓarɓashi biyu kamar tsakin gero, a buwat ɗin da ba ta yi tafiyar mita ɗaya ba tun da aka wanke ta.

Daga nan na buɗe murfin da ke ƙasan bayan inji, muka dinga juya inji da hannu ina kwance notin konbata ɗaya bayan ɗaya, su shida. In an ɗora daidai, da ka cire na ƙarshe konbata za ta ja baya kaɗan daga jikin filawil, faifan da ke juyawa a bayan inji, kuma ta juya da yatsa. Wannan na tura ta da hannu, na sa sukundireba, ko gezau, ta matse tsakanin inji da buwat kamar an yi mata walda. Mai gareji na tsugune kusa da ni, ya ce ɗana mi kag gani? Na ce Baba sai an sauke.

Talata: abin da aka iske ciki

Bari in ɗan yi bayanin wurin don wanda bai taɓa gani ba. Konbata wani tulu ne na ƙarfe cike da mai da ke tsakanin inji da buwat, ita ce a madadin kulocin manuwal. Gabanta a ɗaure yake da filawil, bayanta kuma tana da wuya kamar na tulu mai tsaga biyu a baki. Wuyan nan shi ke shiga cikin famfon mai da ke bakin buwat, tsagogin biyu su kama wasu haƙora biyu da ke cikin ƙaramin giyan famfo, in inji ya juya konbata ta juya, ita kuma ta juya famfo. Famfon nan shi ne zuciyar otomatik, shi ke matse faiba su kama, in bai juya ba ko sabuwa dal ce daga kamfani ba ta tafiya. Shi ya sa ma otomatik ba ta tashi da turi.

Da muka zaro famfon muka buɗe, haƙoran nan biyu babu su, sun karye tun daga tushe, wurin ya yi fari fat. Giyan kanshi ya tsage gefe guda, murfin famfo ya kwarzane, bushin da wuyan ke juyawa ciki ya cinye, sil ɗin gaba sabo fil ya yage. Bakin wuyan konbata ya lanƙwashe waje kamar kan turken da aka sha duka. Biyu daga cikin notin da ke haɗa buwat da inji zarensu ya yi ƙyalli ya ja.

Na ja ƙaramin aparantin gefe, don gaban maigidanshi ba zai iya magana ba. Na ce ƙanena ba faɗa zan yi ba, gaya min yadda kuka ɗora. Ya ce Yaya tun ranar da suka sauke buwat ba su kwance konbata daga jikin inji ba, can suka bar ta kamar yadda ake barin kuloci, mai ma ya yi ta zuba musu a ka. Ranar ɗorawa suka ɗaga buwat suka turo ta bisa konbatar, ta shiga ta shiga sai ta tsaya, saura kamar faɗin yatsa ta haɗe da inji. Suka jijjiga ta ƙi, magariba na matsowa, sai suka sa dogayen noti biyu suka dinga ɗaurewa bi da bi har ta haɗe. Ya ce ana cikin ɗaurewa sun ji ƙas, sun ɗauka zama ta yi.

Wannan ya nuna kuma konbatar ba a taɓa wanke ta ba, na juye ta cikin roba, baƙin man nan na Afirilu ne da garin faiba. Kafin mu ci gaba na duba filawil ko ya tsage ko ya karkace, lafiya lau, na tura karanshaf gaba da baya don irin wannan matsi na iya cinye abin da ke tare shi a cikin inji, wasan bai wuce ƙa'ida ba. Alhaji ya tsira a nan kam.

Laraba zuwa Asabar: kaya daga Kano, ɗorawa ta biyu

Famfo mun samu a nan cikin gari jikin wata matacciyar buwat, amma da na buɗe shi ma ya kwarzane, na mayar. Konbata kuwa ba kowace ta A340 ke hawa ba, buwat ɗin nan an sa ta a motoci da yawa kuma konbatar ta bambanta bisa ga inji, ta V6 daban ta mai silinda huɗu daban. Sai muka ɗauki hotuna da awon tsayi da faɗi da tazarar ramukan noti muka tura ta WhatsApp ga wani mai kaya a Kofar Ruwa, Kano, ya haɗo famfo da konbata na Beljiyam daga buwat guda, direban tasha ya kawo ranar Juma'a da yamma.

Kafin su iso muka wanke tiyo biyun da hanyar man da ke cikin lagireto, gaba da baya, muka hure da iska har abin da ke fita ya zama fari. Na buɗe famfon Kano na duba haƙora da bushi, na sa sabon sil, na ɗaura.

Asabar da safe na tara yaran na ce ku zo ku gani da ido. Buwat na ƙasa bakinta na kallonmu. Na zuba mai wajen lita 1 cikin konbata, na shafa ma wuyan mai, na ɗauke ta hannu biyu na zura a hankali ina juyawa ina turawa. Ta faɗa sau ɗaya, wannan sandar tsakiya ce ta kama. Na ci gaba da juyawa ina ɗan ɗaga ta, ta sake faɗawa, sanda ta biyu ke nan mai kauri. A nan mutane da yawa ke tsayawa don ji suke ta kai. Na ɗauki kusan minti biyar ina juyawa, yaran har sun fara murmushi, sannan ta yi ƙwal ta nutse ciki sosai, tsagogin sun kama haƙoran famfo. Na ciro ta na ba kowannensu ya yi da hannunshi har ya ji ukun.

Amma ji da kunne bai isa ba, na gitta miƙaƙƙen ƙarfe a bakin buwat na auna zurfin daga nan zuwa inda notin konbata ke shiga, na je jikin inji na auna yadda filawil ya fito, na buwat ya fi na inji da milimita 3, haka ake so, ya fi da kaɗan. Na ɗaure konbatar da waya don kar ta zamo gaba lokacin ɗagawa. Muka ɗaga, buwat ta hau turakunta biyu ta manne da inji da hannu kawai, ba a sa noti ko ɗaya ba tukuna. Bayan an ɗaure na zura yatsa ta ƙasa konbata na juyawa sakayau, na jawo ta gaba ta taɓa filawil, na sa notin shida duka da hannu kafin na bi su da sifana.

Aka zuba lita 4 aka tada, nan take sandar awo ta bushe, muka yi ta ƙarawa tana sha. Tiyon lagireto ya feso mai cikin gora. Aka ja R, mota ta girgiza, yaran suka yi kabbara.

Ni dai ban yi murna ba don idona na kan geji. A D allura ta tsaya wajen bar 2, rabin abin da ake nema, kuma daga jan sanda zuwa kamawa ina ƙirga daƙiƙa 4 zuwa 5. Ƙa'idar Toyota daga N zuwa D kar ya kai daƙiƙa 1.2, daga N zuwa R kar ya kai 1.5. Alhaji ya zo ya ga taya na juyawa ya ce Malam a ba ni makulli. Na ce Alhaji ka yi min haƙuri zuwa jibi, in ta fita a haka faiban nan sabbi ba za su ga ƙarshen wata ba.

Lahadi: balbodi

Nan kuskuren nawa ne. Ranar Talata na yi tunanin tun da famfo bai juya ba to ɓarɓashi bai tafi ko'ina ba, kuma an wanke balbodi kwana shida kafin nan, sai na bar shi ban buɗe ba. Kwanon ƙasa ya sake sauka karo na uku. Na sauke balbodi, wato farantin nan mai hanyoyi kamar gidan tururuwa, na shimfiɗa farin ƙyalle, na ɗauki hoto da waya kafin in raba shi saboda ƴan ƙwallayen da ke ciki, ɗaya ta ɓata ko ta sauya rami ka janyo sabon ciwo. Babban bawul ɗin daidaita ƙarfi, wanda shi ne farkon abin da man famfo ke iskewa, ya ƙi fitowa sai da na ƙwanƙwasa. A jikinshi wani siririn ƙarfe ne kamar aski, ya riƙe shi rabi a buɗe yana mayar da mai kwano. Ko famfon farko ne ya ɗan juya kafin haƙoran su ida karyewa, ko ɓarɓashin ya kwanta a hanyar jikin buwat sabon famfo ya kwaso shi, duk biyun na iya yiwuwa.

Na wanke komi da isansi, na hure hanyoyin jikin buwat, na goge bawul ɗin har ya zama in ka karkata farantin yana zamewa da nauyin kanshi. Na mayar da tsofaffin solenoyid na motar tun da lafiyarsu lau, na sake sa sabuwar filta. Na daidaita wayar da ta taho daga totur zuwa buwat, don a wannan ƙirar ita ke ƙara ƙarfin mai in an taka, kuma an bar ta sako-sako. Aka tada: D bar 4, R ya haura 5, kamawa cikin daƙiƙa guda.

Litinin ta mako na uku: gwajin hanya

Mun fita ba kaya ta hanyar Tibiri muka dawo, tana sauya ɗaya, biyu, uku, huɗu ba sulɓi ba duka, a kan kwalta ka ji konbata ta kulle kukan inji ya ɗan sauka. Muka tsaya a fili mai daidai, inji na aiki, mai ya yi zafi, na bi da sanda kowane matsayi na dawo P na auna, yana cikin layin zafi, ja garau ba kumfa. Da la'asar aka ɗora buhu biyar muka yi hanyar Ɗan Isa muka dawo, na shiga rami ba ɗigo ko ɗaya. Kwana 15 ke nan daga ranar da aka fara sauke ta.

Yadda na ga lamarin

Aikin cikin da mai buɗe otomatik ya yi ba shi da laifi, faibanshi ne a motar har yanzu, da an ɗora daidai ranar Alhamis da Juma'a ta fita. Abin da ya kashe ta faɗin yatsan nan ne da aka cike da noti. Kuma ni ban ɗora ma yaran laifin duka ba, abin da suka sani suka yi, a manuwal kuloci jikin inji yake zama kuma ba wanda ya taɓa ce musu otomatik akasin haka take. Wanda ya bar musu aikin da wanda ke ta kiran waya kowa na da kasonshi.

Na Asabar da Lahadin farko kuwa an bar jaki ana dukan taiki. Mota ta shigo tana tafiya, aka taɓa ta ta daina gaba ɗaya a kowace giya, to abin da aka taɓa za a bi, kuma alamar na nan tun safiyar Juma'a a jikin sandar awo. Sauya mai bai yi aiki ba don ba abin da ke tura shi, solenoyid ba su yi ba don ba su ke sa mota ta kama giya ta motsa ba, minti 40 ɗin nan kuwa su suka ƙarasa bushi da murfin famfo, wuya na ta gurzar ƙarfe ba mai. Duba sandar katkat da hannun gefen buwat su kaɗai ne gwajin da ya dace. Nawa laifin ya ci kwana guda da filta guda, na ga ɓarɓashi a maganaɗisu da idona kuma na bar balbodi a rufe.

Wajen kuɗi an zauna a shagon Alhaji bayan isha'i. Mai gareji ya ɗauki famfo da man da aka zubar, Alhaji ya ɗauki konbata tun da tsohuwar ko ba ta lanƙwashe ba cike take da garin faiba, mai wayoyi ya karɓi solenoyid ɗinshi ya mayar da jika 20 cikin 30. Bayan ta yi kilomita 1,000 aka kawo min na sauke kwano, maganaɗisu ba komi sai ɗan laushin toka, na sauya mai, na ƙara mata ƙaramin lagireton mai a gaba saboda rairayin Dakoro, direban kuma na ce mishi in ya kafe ya sa katkat ya sauke kaya, ya bar wasan D da R.